Mai Hoton da Ya Tsaya a Tsakiya: Wane Irin Aji Zai Amfane Shi a Faskari?

A garuruwan kudancin Katsina, daga Faskari zuwa Ƙanƙara da Sabuwa, samun mai ɗaukar hoto ba wuya. Duk saurayin da ke riƙe da Tecno ko Infinix yana ɗauka, kuma gari in dai ya ɗan tasa za ka tarar da shagon da ake zuwa ɗaukar fasfo na JAMB da WAEC da takardar neman aiki. Abin da ke da wuya shi ne samun wanda zai ɗora mutum daga inda ya tsaya. Akwai wasu masu wannan sana'a da ba kasafai ake tunawa da su ba idan ana shirya horo. Sun wuce matakin farko, sun yi shekara biyu ko uku suna bin biki da suna da walimar sauka, sun tara kuɗi sun sayi Canon ko Nikon ta hannu, amma har yau kyamarar tana kan otomatik. In hoto ya yi kyau ba su san dalili ba, in ya lalace ma haka. Kamar yaron tela ne da ya iya taka keke, ya haɗa riga tsaf, amma bai iya yanka ba, sai abin da maigida ya yanka masa.

Hanyoyin da ke gaban irin wannan mutum guda biyu ne, kuma kowace da inda ta gaza. Ta farko ita ce horon kwana uku da aka saba gani a shirye-shiryen tallafa wa matasa, inda ake tara mutum ɗari a zaure ɗaya, a nuna masu hotuna a bango, a raba takardar shaida, a ɗauki hoton rufe taro. Wanda bai taɓa riƙe kyamara ba zai iya ƙaruwa da wani abu, amma wanda ya riga ya fara aiki zai fito kamar yadda ya shiga. Ta biyu ita ce YouTube, kuma ba na raina ta, don akwai ilimi mai yawa a can. Sai dai yawancin darussan da Turanci suke, an kuma shirya su a ƙasashen da rana ke bi ta gefen sama, da fuskokin da haske ke zauna wa daban, a ɗakunan da wuta ba ta ɗaukewa. Ban da haka, data kuɗi ce, sabis kuma ba abin dogaro ba ne. Mutanen yankin ba su manta ba cewa a watan Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, sai a watan Disamba aka fara dawo da su. Wanda makarantarsa ke cikin waya, rufe ta aka yi na watanni.

Makarantun da ke koyar da hoto a tsanake suna nesa. Akwai sassan zane da na aikin jarida a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos, amma waɗannan na mai takardun shiga ne da halin barin gida shekaru. Mai shago a Sheme ko 'Yankara da ke ciyar da iyali ba zai rufe shago ya tafi ba. Abin da zai amfane shi aji ne ƙarami, na aiki da hannu, kusa da gida, ko da a Funtuwa ko Malumfashi ne, wanda zai riƙa zuwa sau ɗaya a mako ya koma bakin aikinsa. Ba sabon tunani ba ne a Afirka. A 1989 David Goldblatt ya kafa Market Photo Workshop a Johannesburg don waɗanda mulkin wariyar launin fata ya toshe wa hanyar koyo, kuma tsarinta hawa-hawa ne: ajin farko, ajin tsakiya, sannan na ƙwararru. Can Zanele Muholi ta yi karatu kafin duniya ta san ta. Abin lura a tsarin shi ne an ware wa na tsakiya ajinsa daban, ba a cuɗa shi da sabon shiga ba.

Idan za a yi irin wannan aji a nan, darasin farko shi ne rana da farar riga, don a nan yawancin hotunanmu ke lalacewa. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, in aka haɗa fari da baƙi, zai tashi toka-toka, wadda ke mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta. To ka kawo ango cikin farar shadda, da abokansa biyar su ma cikin farare, a ƙofar gida bayan azahar. Kyamara tana ganin fari ya cika mata ido sai ta rage haske, shadda ta koma ruwan toka, fuskoki kuma su nutse, sai haƙora da fararen idanu. Hula ko rawani ya ƙara jefa inuwa a kan ido. In ka buɗe haske don fuska ta fito, sai aikin da aka yi wa wuyan riga ya ƙone ya zama fari fat, alhali wannan aikin ne mai riga ya kashe wa kuɗi kuma shi zai fara dubawa. Ba a warware wannan da bayani a allo. Sai an fita da ɗalibi tsakar rana, an tsayar da mutum, ya ɗauka yadda ya saba, ya ƙara haske da taki ɗaya ya sake ɗauka, ya matsar da mutumin ƙarƙashin darbejiya ya ɗauka, wani ya riƙe farin kwali daga ƙasa ya mayar da haske kan fuska ya ɗauka, sannan ya kunna filasha da rana tsaka, abin da yawancin masu koyo ke ganin hauka ne har sai sun ga sakamakon. A jera hotunan biyar a duba. Wanda ya yi wannan da hannunsa sau ɗaya ba zai sake tsayar da ango a rana ba.

Matsalar nutsewar baƙar fuska a hoto tana da tarihi. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton farar mace, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi ake daidaita launin injin. Wato farar fata ce ma'auni. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta nuna a binciken da ta wallafa a 2009 cewa cikin abubuwan da suka tura kamfanin gyara fim ɗinsa har da koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda launin hajarsu mai duhu ba ya fita daidai a talla. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da Itel, ya gane wannan giɓin ya saita kyamarorin wayoyinsa don baƙar fata, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa ya mamaye kasuwar Afirka. Amma saitin waya yakan wuce gona da iri, ya goge fuska ta yi sumul ta yi haske fiye da mai ita. Nan ma akwai aiki a gaban malami, don kwastoma da yawa suna cewa a haska su. Ni dai ra'ayina, a fito da hasken da ke cikin fatar mutum daban, a sauya masa launi daban. Mai hoton da ya iya na farko da wuya a roƙe shi na biyu, saboda yawancin masu cewa a haska su hotunan da suka nutse suka saba gani.

Daga nan ne lissafi ke shigowa, kuma ba shi da yawa. Abu uku ke hukunta haske: faɗin ƙofar gilashi, tsawon lokacin da ƙofar za ta tsaya a buɗe, wato gudu, da ƙarfin karɓar haske da ake kira ISO. Lambobin ƙofa suna tafiya 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kowace tana rage rabin hasken wadda ta gabace ta. Akwai tsohuwar ƙa'ida ta zamanin fim: rana tarwai, ƙofa a 16, ISO 100, gudu 1/100. Dokin hawan sallah a ƙofar Sarkin Yamman Katsina a Faskari, ko ta Sarkin Pauwa a Ƙanƙara, in yana sukuwa yana son 1/1000 kafin ƙafafunsa su tsaya cak. Duk wannan ana iya haddace shi a yini ɗaya. Abin da ke ɗaukar watanni shi ne yatsa ya riƙa juyawa ba sai an tsaya tunani ba, don mahayi ba zai koma ya sake zaburowa saboda kai ba.

Lokacin da ya fi daɗin ɗauka a waje gajere ne a wurinmu. Faskari tana tsakanin digiri 11 da 12 arewa da tsakiyar duniya, rana tana faɗuwa kusan a miƙe, jan hasken nan mai laushi da littattafan Turai ke yabo ba ya daɗewa. Daga la'asar sakaliya zuwa kiran magariba ne, kuma a ƙauyuka da yawa lokacin ne kowa ke sauri ya shiga gari kafin duhu. Hazon hunturu yana tausasa haske, ya yi wa fuska kyau, amma yana cinye nesa, duwatsun da ke kewaye da gari su dushe. Da damina kuwa, bayan an ɗauke ruwa, iska ta wanke, komai ya fito ƙal, sai dai wanda ka tsayar a gonar masara za ka ga kore ya hau masa fuska.

Cikin ɗaki wata duniya ce. Hasken ƙofa shi ne abokin mai hoto a zaure ko ɗakin amarya: a zaunar da mutum gefen ƙofa, ba bayansa ga ƙofa ba. Gilashin 50mm mai buɗewa zuwa 1.8, wanda yana cikin mafi araha a wurin Canon da Nikon, ya fi amfani a nan fiye da doguwar zuƙowa da samari ke sha'awa don ta cika ido. Ƙwan sola da fitilar caji suna jefa shuɗi ko kore a fata, sai an koyi daidaita fari da hannu. Wutar Nijeriya kuma tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa wasu ƙwayaye ke zana layuka a hoto in gudun ya wuce 1/100, janareta kuwa ya fi muni don juyinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda ke ɗauka da RAW yana da sararin gyara: fayil ɗin JPEG matakin haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384. Sai dai yana cin memori, yana kuma son kwamfuta ko waya mai ƙarfi, don haka ba kowane aiki ya cancance shi ba. Fasfo ba ya buƙatarsa.

Maganar cikin gida ta kai mu ga abin da nake gani shi ne babban giɓi. Rabin biki a ƙasar Hausa a cikin gida ake yinsa, kamu da sa lalle da wuni da buɗar kai, kuma gidaje da yawa namiji baligi ba ya shiga. Ko dai a bar wa ƙanwar amarya da wayarta, ko a shigo da namiji ana ƙunƙuni. Ajin da bai ware wa mata zama nasu ba, da rana, a wurin da iyaye da mazaje za su amince, ya bar kasuwa mafi girma a ƙasa. Akwai kuma gidajen da ba sa son hoto gaba ɗaya sai na lalura, saboda fahimtarsu ta addini, malamai kuwa sun saɓa a kan hoton kyamara. Mai hoto ba mai fatawa ba ne. Wanda ya ce kada a ɗauke shi, a sauke kyamara.

Kula da kayan aiki ba ya son dogon bayani, nunawa yake so. Kada a sauya gilashi a fili lokacin ƙura. Wanda ke son ya san ko ƙura ta shiga ciki, ya ɗauki sararin sama da ƙofa a 16, ɗigo-ɗigon za su fito. A hura da robar hura iska, ba da baki ba, ba da bakin riga ba. Batir biyu, memori biyu, kuma kowane aiki a ajiye shi wuri biyu kafin a goge. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 kayan waje suka yi tsada, gyaran abin da ke hannu ya fi sayen sabo. Kuma a cire wa ɗalibai zazzaɓin megafiksel: hoton inci 8 da 10 da aka wanke da kyau ɗigo 2,400 da 3,000 yake buƙata, wato megafiksel 7.2 kacal. Canon 600D ta 2011 tana da 18. Abin da ke lalata hoto a wurin wanki sau da yawa shi ne an tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar ta matse shi. A tura shi a matsayin fayil.

Duk waɗannan dabaru ne, kuma mai naci zai iya tsinto su ɗaya-ɗaya. Abin da ba ya samuwa sai a aji shi ne zaman duba aiki. Mutum shida ko takwas, kowa ya zo da hotuna goma na aikin mako, a wanke su ko da ƙanana ne, a shimfiɗa a tabarma ko tebur, kowa ya faɗi abin da ya gani kafin mai hoton ya buɗe baki. Me ya sa turken wuta ya tsiro a kan liman? Me ya sa aka yanke ƙafafun yaran? Wa ake so a kalla a nan? Wannan yana da wuya a al'adarmu ta kara, inda ƙarami ba ya gyara wa babba a gaban mutane, abokai kuma sun saba da “ya yi kyau, Allah ya ƙara basira” a Facebook. Malamin kirki zai fara ajiye nasa hotunan a soke su, sannan ya sa ƙa'ida cewa hoto ake magana a kai, ba mai shi ba. Wata dabara mai amfani ita ce a ƙayyade wa ɗalibi ɗauka 36 a yini, adadin da ke cikin fim ɗaya na da. Wanda ya saba danna ɗari biyar ya zaɓi biyar zai ji kamar an ɗaure shi, amma a nan zai fara kallo kafin ya danna.

Sai abin da babu darasin waje da zai koya maka. A yankin da ya sha hare-haren 'yan bindiga, kyamara tana jawo zargi. Baƙon da ke ɗaukar hoton kasuwa ana iya ɗaukarsa infoma. Shingen sojoji, ofishin 'yan sanda, sansanin jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a Oktoban 2023, duk ba wuraren gwada gilashi ba ne. Jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi kuwa sai da izinin hukuma. Kafin a fita aikin fili, a gaida mai unguwa, a sanar da shugaban kasuwa, a tafi da ɗan gari. Akwai kuma haɗarin da ya fi ɓoyuwa. Waya takan rubuta wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗin, in ba a kashe ba. Ko ba wannan, hoton garken wani, ko rumbunansa cike bayan kaka, ko sabon gidansa da ƙofar a bayyane, in ya hau intanet ya zama sanarwa ga wanda ba a nufa ba. Ɗalibi ya koyi tambayar kansa wa zai cutu in wannan ya fita. Haka hotunan gawarwaki da ake yaɗawa bayan kowane hari: mamacin yana da uwa, tana kuma da waya. Wasu ma ba na wurin ba ne. A 2018 BBC ta bi diddigin hotunan da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin Filato, ta gano ɗaya daga cikin mafi muni daga Kongo-Brazzaville yake, tsoho ne kuma. Koya wa mutum bincika asalin hoto da Google Lens ba ya ɗaukar rabin sa'a.

Duk da haka ba na goyon bayan a ce a rufe kyamara sai an samu lafiya. Ka rubuta Ƙanƙara a intanet ka ga abin da zai fito: ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya fiye da 300 da aka sace a ranar 11 ga Disamban 2020, suna tafe ba takalmi, lulluɓe da barguna, bayan an sako su. Hotunan gaskiya ne, kuma ya kamata a ɗauke su. Amma su kaɗai duniya ta sani. Masu haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara, masunta da 'yan lambu a madatsar Mairuwa, auduga a Daudawa inda Turawa suka yi gonar iri, buhunan masara da ake lodi zuwa kasuwar Ɗandume, waɗannan ba wanda zai taso daga Abuja ya ɗauka. Fati Abubakar ta fuskanci irin wannan a Maiduguri, ta fara Bits of Borno a 2015, tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar sallah a garin da aka sani da bam kawai, har manyan jaridun duniya suka nemi aikinta. J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara kusan dubu, aka baje su a Venice a 2013, shekara guda kafin rasuwarsa. Abin da kowa ke gani kullum ya ɗauka, ya dai daɗe a kansa. Don haka aikin kammala aji ya zama abu ɗaya da ɗalibi zai bi wata uku, ko maƙera, ko masu rake, ko makarantar allon unguwarsu, ya fito da hotuna goma sha biyu, kowanne da sunan wuri da kwanan wata da izinin wanda ke ciki.

Saura wa zai koyar, wa zai biya. Ƙwararru suna nan a Kano da Kaduna da Zariya da Katsina, irin su Sani Maikatanga da aka sani da hotunan hawan sallah, kuma ba sai malami ya tare a Faskari ba. Ya zo sau ɗaya a wata, tsakani kuma tsohon mai shago na gari ya riƙe zaman duba aiki, don tsofaffin da suka yi zamanin fim sun san haske fiye da yadda samari ke zato. Ɗalibai su biya wani abu ko kaɗan ne, saboda ajin kyauta shi ake fara yashewa ranar kasuwa. In ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa na son taimakawa, ya fi kyau ya biya ɗaki mai sola da kwamfuta biyu da injin wanki ɗaya da kowa zai yi amfani da su, maimakon raba kyamarori a taro, waɗanda wasunsu kan ƙare a hannun dillalai. A kuma saka darasin kuɗi a ciki: yadda ake lissafa man babur da caji da takarda da lalacewar kyamara kafin a faɗi farashi, a karɓi kafin alƙalami, a rubuta adadin hotunan da za a bayar da ranar bayarwa, a kuma yi magana tun farko ko mai biki ya yarda a sa hotonsa a shafin talla, musamman in akwai matan gidan a ciki.